Wane bayani ya kamata mu nema a shafukan gwamnati da zai amfane mu a karkara?

Ɗan Auyo:
Assalamu alaikum. Ƙungiyoyin ci gaban gari na yankinmu za su kai wa gwamnati takardar buƙata game da shafukan intanet da take zuba bayananta, irin su kasafin kuɗi da kwangiloli. Ba ma so mu rubuta "a bayyana komai" kawai, don wannan magana ba ta ɗaure kowa. Masana, me za mu nema takamaimai, wanda mutumin ƙauye zai iya aiki da shi ta wayar hannunsa?

Akanta Gumel:
Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara sanin abin da ake fitarwa yanzu, kada ku roƙi abin da yake a ƙasa. Tun shirin SFTAS na Bankin Duniya, na ƙarfafa jihohi su bayyana harkokin kuɗinsu, da aka fara a 2018, jihohi suka saba wallafa kasafin shekara da rahoton kashe shi duk wata uku. Gwamnatin tarayya ta buɗe shafin bayyana kuɗin baitulmali mai suna Open Treasury a Disambar 2019, inda aka umarci ma'aikatu su riƙa sa duk biyan da ya kai naira miliyan 5. Kason FAAC na wata-wata, wato rabon kuɗin asusun tarayya, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa (NBS) na fitar da shi har na ƙananan hukumomi, 44 na Kano da 27 na Jigawa duk suna ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardun ba sa haɗuwa da juna. Ɗauki rijiyar burtsatse mai sola guda ɗaya. Tana bi ta takardu huɗu: kasafi, takardar ba da kwangila, takardar biya, sai shaidar kammala aiki. A kasafi za ka ga "samar da ruwa a karkara", a kwangila ka ga sunan kamfani da rukunin rijiyoyi ashirin a dunƙule, a biya ka ga "kashi na biyu" ba tare da sunan gari ba. Ko ƙwararren akanta ba zai iya rantsuwa cewa rijiyar garinku ce aka biya ba.

Saboda haka buƙatarku ta farko ita ce lamba ɗaya ga kowane aiki, wadda za ta bi shi daga kasafi har ranar miƙa shi. A layin wannan lamba a rubuta ƙaramar hukuma, mazaɓa, sunan gari, sunan ɗan kwangila da lambar rajistarsa ta hukumar rajistar kamfanoni (CAC), kuɗin kwangila, abin da aka biya da ranar kowane biya, da wa'adin gamawa. Ku dage kan mazaɓa sosai. Tsarin lambobin kasafi na ƙasa yana da gurbin wuri, amma sau da yawa sai a cike shi da "faɗin jiha", shi ke nan aikin ya ɓace. Kano na da mazaɓu 484, Jigawa 287, to bayanin da bai sauko nan ba na mutanen ofis ne. Kuma a raba gida uku: abin da aka ware, abin da aka saki, abin da ya shiga hannun ɗan kwangila. Rigima da yawa a gari daga cakuɗa waɗannan take tashi, a ji an ware miliyan 30 a rediyo a ɗauka kansila ya karɓa.

Mai Kwamfuta Bichi:
Akanta ya gama da abin da za a sa. Ni a kan yadda za a sa shi zan yi magana. Takardar da aka ɗauki hotonta aka mayar PDF ba ta bincikuwa: ka rubuta "Auyo" a gurbin nema, ba abin da zai fito, sai ka bi shafi ɗari uku da ido. Ku nemi kowane jadawali ya zo a Excel ko CSV, wato fayil ɗin jadawali da ake iya bincike a cikinsa, a kuma yanka shi ƙaramar hukuma ƙaramar hukuma. Jadawalin layi dubu biyu a CSV yawanci bai kai megabait ɗaya ba, zai sauka ko sabis na rawa, amma hoton kasafi na iya cinye megabait 40 ya yanke a tsakiya. Kada a ce sai an yi rajista da imel kafin a sauke.

Sai rubutun sunaye. Dambatta da Danbatta, Malam Madori da Mallam Maduri, Kafin Hausa da K/Hausa: mutum ya san wuri ɗaya ne, kwamfuta na ganin biyu, lissafi ya rabe. Ga Tudun Wada da Sabon Gari da suke ko'ina. Maganinsa kowane gari ya sami lamba tsayayya da ma'aunin taswira, irin wanda GRID3, shirin tattara bayanan taswirar garuruwa, ta riga ta tattara. A saman kowane fayil a rubuta ranar da aka sabunta shi, kuma in an yi gyara kada a goge tsohon.

Manomin Kadawa:
Ranku ya daɗe, kada kasafi ya sa ku manta da gona. Hasashen damina na hukumar yanayi (NiMet) da na ambaliya na hukumar lura da ruwan koguna (NIHSA) suna fitowa duk shekara kafin ruwa ya sauka. Abin da manomi ke so a ciki layi uku ne na ƙaramar hukumarsa: yaushe ruwan shuka zai zauna, yaushe zai ɗauke, ko akwai fari a tsakiya. Da wannan zai zaɓi iri mai kwana 70 ko mai kwana 120. Ku na Auyo, da Ringim da Hadejia, ku ƙara da tsayin ruwa a madatsun Tiga da Challawa kullum daga Yuli zuwa Satumba, da sanarwa kafin a saki ruwa, don mai shinkafa a fadama ya san ko zai yanke da wuri.

Farashi ma haka. Na NBS matsakaicin jiha ne, a kilo, kuma na watan da ya wuce. Mu da kwano da buhu muke ciniki. A ba mu na Dawanau, na Maigatari ranar Alhamis, na Wudil ranar Juma'a, a faɗi kwano nawa ke cikin buhun da aka auna, tunda mai kwano 40 daban yake da wanda aka yi wa toliya. A tura ta saƙon tes da Hausa, a karanta a rediyo, don mafi yawan wayoyin gona ba sa buɗe intanet.

Malamar Asibiti:
Baba Manomi ya yi gaskiya. A ɓangarenmu akwai rajistar asibitoci ta ma'aikatar lafiya ta tarayya, sai dai sunan gini a jadawali ba ya gaya wa mai naƙuda inda za ta nufa da dare. A ƙara: akwai ungozoma, ana kwana, firjin allurar rigakafi na aiki, yaushe aka duba. In an ce kashi kaza na yara sun sami rigakafi, a faɗi da wane adadi aka raba, domin ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, sauran duk ƙiyasi ne. Amma don Allah kada ku nemi a baza sunaye da lambobin wayar masu karɓar tallafi. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta tsare su, kuma 'yan damfara da irin wannan jerin suke kiran zawarawa. Adadi a kowace mazaɓa, maza da mata, ya wadatar.

Akanta Gumel:
Ƙari ɗaya, Malam. Ku nemi kowane shafi ya ɗauki sunan ofishin da ke da alhakinsa da lambar da za a kira in an ga kuskure. Abin da ba a sa ba kuma ku nema a rubuce ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku ambaci sunan aikin, shekarar kasafin da takardar da kuke so, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku dawo da shi, don daga ranar ake fara ƙirga kwanakin.