Wai me ya sa a fim mai sanƙo ko dai bos ne ko kuma abin dariya?

Ɗan_Kurna:
Salam jama'a. Tambaya gare ni amma don Allah kar a tsokane ni, wadda nake sha a gidan kallon ƙwallo ma ta ishe ni. Shekarata 28, gashin gaban kaina ya fara ja da baya tun ina 24, yanzu kam har tsakiya ya fara haske, mai askina in ya zo wajen sai ya rage gudun kilifa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Yara a gidan kallo sun sa min Guardiola, ni kuma ɗan Man U ne, kun ga cin fuska biyu kenan.

Abin da na lura da shi shi ne tun muna yara in ana kallon Indiya da an hasko mai ƙwalƙwalin kai kowa ya san bos ya iso, ba sai an gaya maka ba. In kuma ba bos ba ne to shi ne wanda za a ɗaga wa hula a yi dariya. Wanda ake ba budurwa a yi rawa da waƙa kullum mai suma ne har tana rufe masa ido. To shin su masu fim ne suka koya mana raina mai sanƙo ko dama haka muke suka ɗauka? Sannan wannan dashen gashin da ake ta talla a Instagram gaskiya ne ko cin kuɗi ne?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Ɗan Kurna ka tuno min da da. Wanda kake magana ai Shetty ne, wannan ƙaton mai ƙwalƙwalin kai na finafinan shekarun 1970, shi ne ma yake shirya faɗan da ake yi a fim ɗin, kuma ɗansa Rohit Shetty babban darakta ne yanzu a Indiya. Mu a silima da ya fito ihu ake yi don an san za a daku. Amma ka lura ba raina shi ake ba, tsoronsa ake ji.

Ni a ganina ba mu ne muka fara ba. Bahaushe cewa yake sanƙo alamar arziki ne, ko ba a yarda da maganar ba ai ka ga ba zagi ba ce. Kuma mu hula ta rufa mana asiri, mutum zai yi shekara 20 kuna gaisawa a kasuwa ba ka taɓa ganin tsakar kansa ba sai ranar da kuka haɗu wajen alwala ya ture hular zai yi shafa. Ni kaina nawa ya tafi tun kafin in yi aure, uwargida sai bayan biki ta gani, ta yi dariyarta ta gama, yau yaranmu biyar. Ku yaran yanzu da kuka ajiye hula kuka koma askin gayu ku ne abin ya dama.

Abba_Blues:
Baba da girmanka amma hula ba ta shiga ko'ina, ba za ka buga ƙwallo da zanna bukar ba ai.

Ɗan Kurna ni inda ban yarda da kai ba shi ne cewa mai sanƙo bos ne kawai. Wannan tsohon zance ne. Vin Diesel fa? The Rock fa? Jason Statham fa? Duk su ne jaruman fim ɗinsu kuma su ake ba yarinyar. Michael Jordan ya aske kansa tas lokacin da gashin ya fara gudu kuma sai abin ya zama yayi. Zidane da sanƙonsa ya ci Brazil biyu da ka a fainal ɗin kofin duniya na 1998, da kan dai ya tunkuyi Materazzi a 2006 aka ba shi jan kati, wato kan ya yi aiki ta kowace fuska. Ga Collina alƙalin wasan nan ɗan Italiya da ya busa fainal ɗin kofin duniya na 2002, shi ko gira ba shi da ita saboda wata cuta ce ta zubar masa da gashi duka yana saurayi, amma wane ɗan wasa ne ya isa ya zo gabansa da raini?

In ka duba da kyau wanda ake yi wa dariya ba mai ƙwalƙwal ba ne, mai rabi da rabi ne, wanda tsakiya ta tafi yana ta lallaɓa na gefe yana tajewa yana rufe wajen. Shi kyamara ba ta raga wa. Wanda ya sa reza ya kwashe duka an ɗauka shi ya zaɓa, wanda yake ɓoyewa kuma kowa so yake ya tona. Shawarata ka aske tal kwabo ka bar gemu, magana ta ƙare.

Maman_Hanif:
Ku maza kuna ta hira kamar ku kaɗai abin yake samu. Ku aƙalla kuna da Zidane da za ku nuna, mace fa wa za ta nuna? Ku tuna abin da ya faru a bikin Oscar na 2022, Chris Rock ya yi barkwanci da askakken kan Jada matar Will Smith alhali matar ta daɗe da faɗa wa duniya cewa ciwon zubar gashi ne da ita, mijin ya hau dandamali ya sharara masa mari a gaban kowa, aka hana shi halartar bikin na shekara 10. Sati guda ana maganar mari, da wanda ya kyauta da wanda bai kyauta ba, ciwon matar kuwa ƴan kaɗan ne suka tsaya a kansa.

Mu nan ɗankwali ne yake rufe namu amma a gidan kitso ake ganin gaskiya. Mata nawa ne gaban goshinsu ya cinye saboda kitso mai tsauri da ake ja tun suna yara, ga man shamfo mai ƙona fatar kai, ga zubar da ke zuwa kamar wata uku bayan haihuwa wadda ni ta same ni bayan na haifi Hanif, in na taje kai sai in ga gashi cike da matajin har kuka na yi. Wannan na haihuwa ya dawo da kansa alhamdulillah, amma na jan kitso in aka daɗe ana yi ba ya dawowa. Kuma duk tallan man gashi mace ce mai gashi har gadon baya take juya kai, rabinsu ma ƙari ne aka yi musu.

Nas_Auwal:
Bari in amsa ɓangaren dashe tunda a asibiti nake aiki, amma ni nas ne ba likitan fata ba. Sanƙon maza gado ne, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ba hula ke kawo shi ba kuma ba yawan tunani ba. Wani sinadari ne a jiki da ake kira DHT, daga sinadarin mazantaka yake samuwa, shi yake sa tushen gashin gaba da na tsakiya ya riƙa tsukewa, gashin ya sirance har ya daina fitowa. Na ƙeya da na gefe bai cika jin sa ba, shi ya sa za ka ga tsoho kansa fayau amma ƙeya cike.

To dashen shi ne a ciro tushen gashi daga ƙeyar a shuka a gaba. Gaskiya ne yana yi, Rooney naku na Man U ya yi a 2011 yana ɗan shekara 25 kuma da kansa ya sanar a Twitter, Klopp ma bai ɓoye nasa ba. Istanbul ta Turkiyya ta zama kasuwar abin saboda ya fi Ingila sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne gashin da aka dasa zai zube a makonnin farko kafin ya sake tsirowa, sai ka yi kusan shekara kafin ka ga sakamako, sannan sauran gashinka na asali zai ci gaba da tafiyarsa, sai ka wayi gari da tsibiri a gaba da fili a bayansa. Magungunan da aka tabbatar biyu ne, minoxidil na shafawa wanda asalinsa maganin hawan jini ne, da finasteride na sha, duka in ka daina gashin zai koma zuba, kuma na shan yana iya taɓa ƙarfin namiji ga wasu don haka kar ka saya a kemis kai tsaye ba ka ga likita ba. Man da ake tallatawa wai gashi cikin kwana bakwai kuwa riƙe kuɗinka.

Baban_Ummi:
Ƙari kan maganar Auwal, malamai da yawa sun halatta dashen don gyara aibi ne ba ƙarin gashi ba, suna kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila, kuturu da makaho da mai sanƙo, wanda ya roƙi gashi mai kyau aka shafa kansa ya samu. Ƙarin gashi irin na saƙawa shi ne aka hana.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai jama'a. Maman Hanif Allah ya ba da haƙuri, wallahi ban taɓa kawo ɓangarenku a raina ba. Nas maganar tsibirin nan ta kashe min jiki, ga kuɗin jirgi ma ba ni da shi balle na dashe. Abba zan gwada taka ranar Juma'a in na je aski, matsalar ɗaya ce, gemun nawa ma bai haɗe ba.

Abba_Blues:
To kai Guardiola ma ya fi ka kenan, shi nasa ya haɗe. Ka turo hoto dai mu gani.