Wane tauraro ne wannan mai ƙananan ɗigo a gefensa?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena ya bar mini tabaran hangen nesa mai ido biyu, an rubuta 10x50 a jikinsa. Daren Litinin wajen ƙarfe sha biyu na saita shi kan wani farin tauraro mai tsananin haske, can tsakiyar sama, wanda ba ya ƙyaftawa kamar sauran. Sai ga ƙananan ɗigo uku a jere kusa da shi, biyu a hagu, ɗaya a dama. Na ɗauka ƙura ce, na goge gilashin da gefen riga, suna nan daram. Washegari kuma huɗu na gani, har sun sauya wuri. Zara ce wannan? Abin ya tsaya mini a rai.

Mai Kwanan Waje:
Wa'alaikumus salam. Ba Zara ba ce, Malam. Zara ba ta nisa da rana, shi ya sa ake ganinta a yamma bayan faɗuwar rana ko a gabas kafin fitowarta, amma ba ta hawa tsakiyar sama da tsakar dare. Kuma ba ta da wata ko ɗaya. Abin da ka gani Mushtari ne, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke zagaye rana, wanda Turawa ke kira Jufita, ɗigon nan kuwa manyan watanninsa huɗu ne: Io, Europa, Ganymede da Callisto. Su ne Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya hango a watan Janairun 1610. Io kan zagaye Mushtari cikin ƙasa da kwana biyu, Callisto kuwa sai ya yi kusan kwana 17. Daren da ka ga uku, ɗayan ya shige bayansa ne ko gabansa, ko ya matsa kusa har hasken ya haɗiye shi. Ni ranar da na fara ganinsu, wallahi ban iya barci ba.

Uwar Biyu:
Yaya, ka yi ƙoƙari da ka gan su da hannu kawai. Ni rawar hannu ta daɗe tana hana ni, sai da na koyi dafa gwiwar hannu a kan katanga. Ka ajiye waya kuma, ido na buƙatar kamar minti ashirin a duhu kafin ya buɗe sosai. Ka gwada kan Kaza da 'Ya'yanta: shida ko bakwai muke ƙirgawa da ido, ta tabarau kuwa sai ka ga gomomi. Don Allah kada yara su ɗauka su kalli rana da shi, yana makantarwa nan take.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Na samo littafin rubutu, kullum zan riƙa zana inda kowane ɗigo yake. Jiya wanda ya fi nisa yana dama, ina kyautata zaton Callisto ne. Kwana nawa zan jira kafin ya koma hagu?

Mai Kwanan Waje:
Ba shi kwana takwas zuwa tara.