Me zai maye gurbin Exchange a ofis mai ma'aikata 40?

Mai_Neman_Mafita:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ofis ne mai ma'aikata 40, imel da kalandarsu duk suna kan Exchange 2016, manhajar sabar imel ta Microsoft, wanda Microsoft ta daina tallafa wa tun 14 ga Oktoba 2025. Ana son a koma manhaja buɗaɗɗiya, a huta da biyan lasisi. Abin da ake buƙata shi ne imel, kalandar da za a riƙa ganin wane na cikin taro wane ba ya ciki, littafin adireshi na bai ɗaya, sannan komai ya hau waya. Wacce za a ɗauka, kuma ina ramin yake?

Injiniya_Postfix:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo maganar manhaja, ka fara tambayar ma'aikatan ko za su iya rabuwa da Outlook. Amsar nan ce za ta zaɓa maka.

Imel ba shi ne matsala ba. Postfix na aikawa da karɓa, Dovecot na ajiye akwatuna ya miƙa su ta IMAP, hanyar da manhajar imel ke karanta akwati daga sabar, kuma Outlook na jin IMAP sarai. A kalanda ake faɗuwa. Manhajoji buɗaɗɗu suna amfani da CalDAV wajen kalanda, CardDAV wajen adireshi, shi kuwa Outlook bai san ko ɗaya ba. Tsohon Outlook sai an ɗora masa Outlook CalDav Synchronizer a kowace kwamfuta, sabon kuma ba ya karɓar irin wannan ƙarin sam.

In za su yarda da Thunderbird, manhajar imel buɗaɗɗiya mai kama da Outlook, ko buɗe imel ta burauza, ɗauki mailcow. Ya haɗa Postfix, Dovecot, Rspamd mai tace saƙonnin banza, ClamAV mai binciken virus da SOGo mai kalanda, duk a cikin Docker, manhajar da ke gudanar da kowannensu a keɓe. Mafi ƙarancin da masu shi suka faɗa shi ne RAM 6 GB da swap 1 GB (sararin faifai da ke tallafa wa RAM), amma ga mutum 40 da wayoyinsu kada ka yi ƙasa da 12 ko 16. ClamAV kaɗai na cinye fiye da 1 GB. In kuwa shugabanni sun ce Outlook ko a fasa, duba grommunio, don shi yana magana da Outlook da yaren Exchange, wato MAPI, kalanda da izinin sakatariya ta ga ta maigida duk su yi aiki ba tare da ƙari ba. Zimbra fa, wata manhajar imel da kalanda, a yi hattara: tun fitowa ta 9 kamfanin ya daina ba da buɗaɗɗen nau'in a shirye, sai ka harhaɗa da kanka ko ka dogara da na wasu.

Mai_Neman_Mafita:
Na gode Injiniya. Wayoyi fa? Yawanci Android ne, sai iPhone kaɗan.

Injiniya_Postfix:
iPhone na karɓar CalDAV da CardDAV kai tsaye daga saituna. Android sai ka sa manhajar DAVx5 mai haɗa shi da su, kuma ka cire shi daga jerin manhajojin da waya ke kashewa don tanadin batir, in ba haka ba taro ya wuce kafin ya bayyana a kalanda. SOGo na da ActiveSync, hanyar Microsoft ta haɗa waya da sabar, amma kowace waya da ta haɗu ta nan tana riƙe ma'aikacin SOGo guda (ɓangaren manhajar mai amsa buƙata, ba mutum ba) na dogon lokaci. Wayoyi 40 a kan sabar da ba a ƙara wa adadin ma'aikatan ba, sai ka ga shafin imel na burauza ya tsaya cak.

Hajiya_DNS:
Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, sai dai ba a girkawa ake shan wuya ba. Wuyar ita ce Gmail da Outlook.com su karɓi saƙonka ba su jefa shi kwandon shara ba.

Tun kafin ka biya kuɗin sabar, tabbatar mai hayar zai buɗe maka tasha ta 25 ta fita, wadda sabobi ke aika wa juna imel ta cikinta. Google Cloud na toshe ta, AWS kuma sai ka roƙa. Duba adireshin IP ɗin a Spamhaus, masu jerin adireshin da ke aika saƙonnin banza, don sau da yawa wanda ya riga ka amfani da shi ya ɓata masa suna. Sai PTR: adireshin ya nuna sunan sabar, sunan kuma ya dawo kan adireshin, ya yi daidai da wanda Postfix ke gaisuwa da shi. Wannan a wurin mai hayar ake saita shi, ba wurin da ka sayi sunan yankin ba, nan mutane ke ruɗewa.

SPF, bayanin DNS da ke lissafa sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunan ofis, layi ɗaya tak za a sa. Layi biyu sun ɓata juna, kuma in binciken DNS da ke cikinsa ya haura 10 ya zama banza. DKIM, wato sa hannun da sabar ke yi wa saƙo, a yi masa mabuɗi mai bit 2048. DMARC, mai faɗin abin da za a yi da saƙon da bai ci jarrabawar SPF da DKIM ba, a fara da p=none (sa ido kawai) na makonni, a karanta rahotanni, domin nan za ka gano injin sikana da manhajar albashi da ke aika saƙo da sunan ofis ba wanda ya sani. Sai an gyara su a matsa zuwa quarantine (a jefa kwandon shara), daga baya reject (a ƙi karɓa). Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, saƙon da ba SPF ba DKIM kan dawo wa mai shi. In IP ɗin ya ƙi wankuwa, a bar sabar tana karɓa, fita kuma a bi ta wata sabar miƙawa ta haya.

Tsohon_Hannu:
Bari in ɗora da ranar ƙaura. Kwana biyu kafin nan a sauke TTL na MX zuwa daƙiƙa 300, wato a rage lokacin da sabobi ke riƙe bayanin inda za su kai imel ɗin ofis. A kunna IMAP a Exchange, don a kashe yake zuwa, a kwashe akwatuna da imapsync tun ana saura mako guda, sannan a sake zagaye na biyu bayan an juya MX don tsintar abin da ya shigo a tsakani. imapsync saƙo kawai yake ɗauka. Kalanda sai a fitar da ita a fayil ɗin ICS, adireshi a vCard ko CSV, a bi tarukan da ke maimaituwa ɗaya bayan ɗaya, saboda su ne ke zamewa da awa guda in yankin lokaci bai zo daidai ba.

Wani tarko kuma: Exchange na kiran ma'aikatan cikin gida da adireshinsa na ciki, X500, ba na SMTP da aka saba ba, mai alamar @. Bayan ƙaura mutum zai zaɓi sunan abokin aikinsa daga wanda Outlook ya tuno masa, saƙon ya dawo. A goge jerin tunin nan a kowace kwamfuta ranar farko.

In mailcow aka ɗauka, a sani yana kulle saƙonni a faifai, mabuɗan kuma suna cikin kundin crypt. Wanda ya kwafi vmail, kundin saƙonnin, ya bar crypt, ranar da faifai ya mutu ba zai iya buɗe ko saƙo ɗaya ba. A yi amfani da backup_and_restore.sh da ke zuwa da shi, a kai kwafin wata na'ura dabam, a kuma gwada dawo da akwati guda duk wata uku.

Hajiya_DNS:
Kuma tsohuwar sabar kada a kashe ta nan take. A rufe mata hanyar intanet, a bar ta kwana 30 a cikin gida, don dole wani ya zo neman babban fayil na bai ɗaya da aka manta ba a kwashe ba.