Malaman filo ku taimake ni, ɗalibaina sun ƙi yin tambaya

Salamu alaikum 'yan uwa malamai. Filo, wato falsafa, nike koyarwa a terminal, ajin ƙarshe na wani lise (sakandare) nan Tawa, yau sati ukku ke nan ina kan darasin ilimi da gaskiya amma wallahi kamar ina zuba ruwa a rairayi. In na ce ma yaro ƙaƙa ka san abin nan gaskiya ne, sai ya ce mushe (wato malam) ai haka aka ce, ko kuma a WhatsApp ya ji, shi ke nan an wuce wurin. Su dai a ba su rezime, wato taƙaitaccen darasi, su hardace don bak, jarabawar gama lise.

Na gwada dubara, na kawo kofin gilashi da ruwa na tsoma bik ciki, kowa ya ga kamar ya karye, na hiddo shi lafiya lau. Sun yi dariya, aka tashi. Da na kawo shakkar Dekart kuwa, masanin falsafa ɗan Faransa da ya ce a yi shakkar komi har a samu abin da ba shakka cikinshi, sai wata ta tashi ta ce wai ina koya masu shakkar addini, washegari baban wani ya zo har lakwal. Na yi mashi bayani Imam Gazali da ya rasu 1111 shi ma ya binciki ko ido abin yarda ne, da misalin inuwa da kake gani tsaye alhali tafiya take, tun kafin a haifi Dekart da ɗaruruwan shekaru. Ya ɗan sauko amma ajin ya yi tsit tun ranan.

To ku ta ina kuke shigowa? In fara da isnadin hadisi tunda sun san shi, ko hakan zai ƙara jagule mani lamarin?