Neman shawara: yarinyata ta ji ciwo a gwiwa wurin wasan sofbol, ta daina ci ta daina hira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni uwa ce a Unguwar Rimi, Kaduna, kuma a kan yarinyata nake neman shawara. Shekararta 16, shekara uku ke nan tana buga sofbol a makarantarsu. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da ake jefo ƙwallo a make ta da kulki, a ruga a zagaye tashoshi huɗu. Ita ce mai jifa a ƙungiyarsu. Da ta gama wanke-wanke sai ka gan ta a tsakar gida tana wulwula hannu, har katangarmu ta yi tabo.

Sati uku da suka wuce tana gudu zuwa tasha ta biyu, ta taka ta juya, ta ce ta ji abu ya yi ƙas a cikin gwiwarta ta dama. Kafin magariba gwiwa ta kumbura suntum. An yi hoton ƙashi, babu karaya, amma likita ya ce a yi MRI, wato hoton da ke nuna jijiyoyi, kuɗin kuwa da na ji sai da na nemi wurin zama. Abbanta ya ce tunda ba karaya ai targaɗe ne, kakarta kuma ta dage a kira mai ɗori. Yanzu kumburin ya saɓe, tana takawa, sai dai in za ta sauko matakala ƙafar kan saki kamar ba tata ba.

Abin da ya fi damuna, Abbanta ya ce ita da wasa har abada. Tun ranar ba ta cin abin kirki, safar hannun wasan tana ƙarƙashin filonta, jiya kuma na jiyo kukanta a banɗaki. Ya zan yi?

Wata mai aikin gashin ƙashi: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ba zan yanke hukunci ban taɓa gwiwar ba, amma ƙarar da ta ji, da kumburi cikin 'yan awoyi, da sakin ƙafa, labarin da muke ji ke nan daga waɗanda suka tsinka jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, kuma 'yan mata masu wasa sun fi maza tsinka ta. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, shi ya sa aka ce MRI. Kada takawar nan ta ruɗe ku. Mai wannan ciwo yana iya tafiya a miƙe lafiya lau, juyawa ce ke tona asiri, kuma duk sakin da ƙafar ta yi tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Ita kuma mai jifa da ƙafa ɗaya take ingiza jiki ta dira a kan ɗayar, a kowane jifa. Ba kowa ake yi wa aiki ba, amma in aka yi, komawa fili kan ɗauki wata 9 zuwa shekara. Ki samu igiya ki auna cinyoyinta biyu yau, ina kyautata zaton ta dama ta fara ramewa. A fara motsa ta a hannun masu gashi tun yanzu. Ga asibitin Barau Dikko nan kusa da ku, ga na Shika a Zariya, in ta kai ga aiki kuma akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Hajiya daga Kawo: Allah ya sa kaffara ce. Ni dai kada ku raina masu ɗori, su suka gyara hannun autana. Ku haɗa da addu'a da tofi.

Mai gashin ƙashi: Hajiya, a yi haƙuri, addu'a kam dole. Amma hannun autanki ƙashi ne ya karye. Wannan jijiya tana can cikin gaɓa, hannu ba ya kai mata, ja da murza kuma ƙara ɓarna suke.

Tsohon ɗan ƙwallo, Tudun Wada: Anti, ki ji daga bakin wanda ya sha. Irin ciwon nan na ji, aka gasa min da ruwan zafi da man zafi, na koma fili bayan wata ɗaya saboda gasar unguwa. Ko rabin lokaci ban kai ba aka ɗauko ni a kafaɗa. Yau in zan yi tahiya sai na miƙe ƙafa. Amma wallahi ba zafin ne ya fi cina ba, in na ji hayaniyar fili da yamma ina kwance a ɗaki, nan ne abin. Abokai suka yi zuwa biyu suka ɗauke ƙafa. Kada ku bari ta yanke da 'yan ƙungiyarsu.

Maman 'yan biyu: Gaskiya ni ina bayan Abbanta. Ga WAEC na tafe, 'ya mace ce, a bar ta ta kama littafi.

Malamin motsa jiki, Barnawa: Maman 'yan biyu, yarinyar da ba ta cin abinci wane littafi za ta riƙe? Kuma wasan ba na banza ba ne. Mata sun buga shi a gasar Olamfik daga 1996 zuwa 2008, ya dawo a Tokyo inda Japan ta doke Amurka ta ci zinare, yana kuma cikin gasar Los Angeles ta 2028. Maman yarinya, ki roƙi kocinsu ya ba ta littafin rubuta maki, ta riƙa zama a gefen fili ranar atisaye. In likita ya yarda, tana iya gwajin murza ƙwallo da wuyan hannu tana zaune a kujera. Maganar Abbanta kuwa, tsoro ne ya sa shi faɗin haka. Kada ki ja da shi a gaban yara. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kuma ku roƙi abu ɗaya tak, hoton nan. Zancen komawa fili a bar shi sai ƙafa ta yi ƙwari.

Mai neman shawara: Na gode 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Na auna cinyar, ta dama ta fi siranta, sai da gabana ya faɗi. Na je wurin yayar Abbanta a Malali, ita ta kira shi. Ya yarda da MRI, zan ɗauki adashena na ƙarshen wata in cika. Da ta taɓo maganar wasa ya ce a warke tukuna, bai dai sake cewa har abada ba. Kakarta har yanzu tana fushi da ni a kan mai ɗori. Ɗazu ƙawayenta uku suka zo da littafin makin, ta ci shinkafa tare da su, sannan ta ce ƙaninta ya fito mata da kujera tsakar gida. Anti mai gashi, kafin a yi hoton, in sa mata bandejin roba in za ta makaranta ko a bar gwiwar haka?