Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: tsoron wa ake nufi?

Ɗan Narayi: Salama 'yan'uwa. Jiya Lahadi fastonmu ya yi wa'azi a kan Akan, Joshuwa sura 7, wanda ya saci alkyabba da shekel 200 na azurfa da sandar zinariya daga ganimar yaƙi, ya binne su a cikin alfarwarsa. Da zai rufe sai ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bayan an tashi, wani dattijon ikilisiya ya ce karin bai dace ba, wai mai kaza mutane yake tsoro, Akan kuwa Allah ne ya tona shi. Har murya ta tashi a bakin ƙofa. Me kuka gani?

Malam Barnawa: Dattijo ya fi gaskiya. Ai Akan ya jimiri as ɗin sarai. Mutum wajen 36 suka mutu a yaƙin garin Ai saboda laifinsa yana zaune shiru, aka bi kabila kabila, gida gida, sai da aka zo kansa ya buɗe baki. Da ni ne, sai in ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Maman Biyu: Haba Malam, wane mai kaya? Kana nufin kwana dubun nan Allah bai sani ba? Zabura 139 ta ce duhu da haske duk ɗaya ne a wurinsa. Jinkiri yake yi ko za ka tuba.

'Yar Kagoro: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. An sace mata akuya ana gobe Kirsimeti. Ba ta je wurin mai unguwa ba, ba ta yi kuka ba. Da asuba ta ɗauki sandarta ta bi gidajen unguwa, kowane gida ta ce musu sannunku da aikin dare. Kowa ya amsa yauwa Kaka, don duk an kwana ana girki. Gida ɗaya ne maigidan ya fito yana kumfar baki, wai me take nufi da shi. Ta ce barka da Kirsimeti kawai, ta wuce. Bayan girbi sai ga tiyar acca a ƙofarta, babu sallama. Ta ƙi taɓawa, ta aika masa cewa ita ta yafe tuntuni, ya je ya shirya da wanda ya gan shi tun yana kwance igiya.

Malam Barnawa: Wannan wayon tsofaffi ne, diyata. Amma ya tuba kuwa?

'Yar Kagoro: Ya dai koma wata majami'a, Baba.

Direban Sabon Tasha: Namu na yanzu aljihun babbar riga gare su, ko saniya ta shige ba ta motsi. Ka ce as, su ce 'yan adawa ne. Lokacin zaɓe kuma su zauna a kujerar gaba a majami'a da baiko mai kauri.

Maman Biyu: Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A bar siyasa don Allah.

Direban Sabon Tasha: Mama, ban kira suna ba, ke me ya tsorata ki? Duba aljihu.

Ɗan Narayi: To ni me zan gaya wa dattijo ranar Laraba a wurin addu'a?

'Yar Kagoro: Ka ce masa sannu da aikin dare, ka ga abin da zai yi.