Wanda ya sauke fim don kallon kansa, ya yi laifi?

Baban Khalifa: Jama'a, ni fa har yau ban ga laifin mutumin da ya sauke fim ko waƙa a wayarsa don ya kalla shi kaɗai ba. Da kuɗina na sayi data, ban fasa shagon kowa ba, ban sayar wa kowa ba. Shi mai fim ɗin ma nasa na nan a hannunsa, ko minti ɗaya bai ragu ba. To ina satar take?

Maman Ilham: Fim ɗinsa bai ragu ba, cinikinsa fa? Ni littafi nake rubutawa, Baban Khalifa. A waya nake bugawa har babban yatsana ya sage, in buɗe guruf na masu biya. Mace ɗaya za ta biya, ta kwashe shafukan, kafin gari ya waye sun zaga gurufan kyauta. Duk wadda ta karanta a can cewa take ai ita ba ta sayar ba. Gaskiyarta, amma ni ma ba ta saya a wurina ba.

Barista: Ku bari mu ji ta bakin doka. Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988 wadda aka rubuta a zamanin kaset. Kwafar aiki haƙƙin mai shi ne, shi ke bayar da izini, kuma sauke fim kwafa ce, tunda wani kwafi ya zauna a wayarka. Dokar ta yi sassauci ga amfanin kai da nazari da sharhi, amma da sharaɗin adalci. Kotu na duba yawan abin da ka ɗauka, da kuma illar da hakan ya yi wa kasuwar mai aikin. Ka sauke fim sukutum daga shafin da ka san ba na mai shi ba ne, alhali ga shi ana sayarwa, da wuya a kira wannan adalci.

Baban Khalifa: To Barista, ɗaure ni za a yi ke nan?

Barista: Ɗauri da tara sun fi hawa kan mai sayarwa, da mai rabawa, da mai ɗorawa a intanet don neman kuɗi. Su ne Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wato NCC, ke bi. Kai mai kallo a ɗaki, abin da ke kanka shi ne mai aikin na iya neman diyya, kuma ba kowa zai ɗauki lauya a kan fim ɗaya ba. Rashin kamu daban, halasci daban.

Mai Turi: Na san a kanmu za a sauke. Ranka ya daɗe, zo shagona ka zauna da yamma. Ɗan acaɓa ne zai miƙo memori, yarinya ce aka aiko daga cikin gida da 'yar waya an ɗaure murfinta da kyauro. Waɗannan wace data gare su da za su kalli awa biyu a intanet? Kuma akwai furodusoshin da suke kawo mana fim da kansu, mu biya, sannan mu tura.

Barista: Wanda ka biya mai shi ya ba ka izini, babu magana. Sauran da ke cikin kwamfutar taka fa, nawa ne aka biya?

Mai Turi: Wannan kuma sai mun haɗu.

Tsohon Dila: Ni na ga lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ke cika ranar sakin sabon fim, 'yan kasuwa daga Zinder da Maraɗi suna jiran kwalayen faifai. Mai buga hoton bango ya ci, mai kwali ya ci, ɗan dako ya ci. Da memori ya shigo, faifai ɗaya ake saya ya wadaci unguwa. Abin da ya kora masu shirya fim zuwa YouTube ke nan da fina-finai masu dogon zango. Can ma ba a bar su ba. Kuɗin YouTube daga talla yake fitowa, sai an kalla a tashar mai fim ake lissafa masa. Mutum ɗaya ya sauke da wata manhaja ya tura wa mutum hamsin, kallo ɗaya aka rubuta.

Baban Khalifa: Amma ai YouTube ɗin da kansa yana da wurin saukewa.

Barista: Wannan yana zama ne a cikin manhajar, ba ya turuwa, kuma da yardar mai tashar. Shi ba matsala.

Malam: Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce ta mai su, bai halatta a keta ta ba. Akwai malaman da suka sassauta a kan littattafan ilimi idan ba don kasuwanci ba ne, saboda gudun ɓoye ilimi. Sai dai Baban Khalifa, fim ɗin soyayya ba ya cikin ilimin da ake tsoron ɓoyewa.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma su masu kukan fa? Shekara nawa ana ɗauko labarin fim ɗin Indiya da karin waƙarsa a mayar Hausa? Waɗanda ake wa fassara ana turawa, wa ya nemi izinin masu su a Mumbai?

Barista: Nan kam ka taɓo gaskiya. Fassara da sauya labari duk haƙƙin mai aiki ne, kuma Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, Indiya ma tana ciki, don haka fim ɗinsu yana da kariya a nan kamar namu. Amma laifin wani furodusa ba zai zame maka lasisi a kan littafin Maman Ilham ba.

Maman Ilham: Yauwa! Ni waƙar wa na ɗauka? Barista, wani shafi ya ɗora littattafaina uku, har da talla a gefe. Me zan yi?

Barista: Ki rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafin, ki nuna aikinki ne, ki ba su adireshin inda aka ɗora. Sabuwar dokar ta wajabta musu saukewa idan ƙorafin ya inganta. Ki ajiye hoton shafin da rubutunki na asali mai kwanan wata, ki kai wa NCC kwafi. Na gurufan WhatsApp ne mai wuya, don babu mai ganin cikinsu sai 'yan ciki.

Maman Ilham: 'Yan cikin ai na san su. Wasu ma suna nan guruf ɗin, sun karanta sun yi shiru.